Bishiyar elm da ake sha'awa a waya, da itatuwan inuwar da ƙasarmu ke karɓa

Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan dashen itatuwan inuwa, tun da damina ta kusa kankama kuma yanzu ne mutanen karkara ke neman abin da za su dasa a ƙofar gida, da harabar masallaci, da makarantu.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata sha'awa da ta shigo wa matasanmu da masu sabon gini. Mutum zai ga hoton wani titi na Amurka ko Ingila a waya, itatuwa sun yi layi dama da hagu, rassansu sun haɗe a sama kamar rumfa, sai ya tafi wurin masu sayar da dashe ya ce shi irin wannan yake so. Sau da yawa itacen da ke cikin hoton shi ne wanda Turawa ke kira elm. Itace ne mai kyau, babu musu. Gindinsa yana miƙewa sambal, sannan rassan su buɗe a sama kamar an kifa laima. Amma elm ɗan ƙasashen sanyi ne. Tsarin rayuwarsa shi ne ya zubar da ganye ya yi barci na watanni cikin sanyi mai tsanani, ya farka ya yi toho a lokacin da ƙasa ke jiƙe. Mu kuwa sanyin hunturunmu bai kai ya kwantar da shi ba, ga iska busasshiya mai tsotse danshi, daga nan sai bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, bayan an yi wata shida ko bakwai ba ɗigon ruwa. Akwai wani nau'insa na ƙasar Sin, mai ƙananan ganye da ɓawo mai dabbare-dabbare, wanda ya fi sauran jure zafi, har ana dasa shi a jihohin kudancin ƙasar Amurka da Ostareliya. Shi ma wuraren da ya yi kyau suna da sanyi na gaske da ruwan da ya fi namu rarrabuwa cikin shekara. Wanda ya nace sai ya gwada, to ya gwada ƙwaya ɗaya a cikin gida inda ruwa ba ya yankewa, kada ya jera ashirin a bakin hanya ya zauna jiran inuwa. Kuma kada ya sa a ɗauko masa dashe mai rai daga waje a cikin jaka ba tare da ya bi ta hannun jami'an killace tsirrai ba.

Dalilin wannan gargaɗi na ƙarshe yana cikin tarihin elm ɗin kansa. Akwai wata cuta da ta kusa ƙarar da shi a Turai da Amurka. Naman gwari ne da wani ɗan ƙwaro mai huda ɓawo ke ɗauka daga itace zuwa itace, ya toshe hanyoyin da ruwa ke bi daga saiwa zuwa ganye, sai reshe ya yi rawaya ya bushe, itacen duka ya biyo baya. Masanan ƙasar Holan ne suka gano musabbabinta a farkon shekarun 1920. Ta tsallaka Amurka wajen 1930 a jikin gungumen katako da aka kai daga Turai, sannan wani nau'inta mafi muni ya shiga Birtaniya a ƙarshen shekarun 1960 ya kashe itatuwa fiye da miliyan 25. Abin da ya ƙara wa cutar gudu shi ne garuruwa da yawa elm kaɗai suka jera a titunansu, kusa da kusa har saiwoyinsu suka manne a ƙarƙashin ƙasa, cutar ta riƙa bi ta saiwa daga wannan zuwa wancan.

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Mu ma mun kama hanyar yin haka da darbejiya. Shiga kowane gari daga Ɗambatta zuwa Gumel, daga Ringim zuwa Haɗejiya, za ka ƙirga darbejiya tara kafin ka ga wani itace ɗaya. Ita ma baƙuwa ce, asalinta Indiya da ƙasar Bama (Myanmar), an fara dasa ta a Borno a 1928, ta kuma karɓi ƙasar fiye da yadda aka zata. Amma a shekarun 1980 wani ƙwaro mai manne wa ganye kamar ɓamɓaroki ya yi mata ɓarna a yankin tafkin Chadi, a farkon shekarun 1990 kuma an ga tana ƙanjamewa a Nijar. Ba cewa nake a daina dasa ta ba. A dai daina dasa ta ita kaɗai. Makarantar da za ta dasa itatuwa goma, ta sa darbejiya huɗu, sauran shidan a raba tsakanin maɗaci, tsamiya, ceɗiya da kurna.

Wanda siffar elm ce ta burge shi, muna da danginsa a gida: zuwo, wanda wasu ke kira dunki. Masana tsirrai sun daɗe suna lissafa shi cikin zuriyar elm kafin daga baya su sauya masa gida. Tsinko ganyensa ka duba gindin ganyen, za ka ga ɓangare ɗaya ya fi ɗaya saukowa, kamar an yanka riga ba daidai ba, in ka shafa kuma ka ji kaushi-kaushi. Haka ganyen elm yake. Zuwo yana kai mita 20, yana buɗe rassa, ana miya da ɗanyen ganyensa, dabbobi kuma suna son sa, wanda shi ne ma ya sa ya yi ƙaranci, don makiyaya ba sa barin sa ya huta. Sharaɗinsa ɗaya ne, yana son wurin da ruwan ƙasa ke kusa, irin bakin kogi da gefen fadama. A kan tudun yashi wahala zai sha. Ana tsirar da shi daga ƙwallon 'ya'yansa, a wanke, a jiƙa kwana ɗaya, a shuka a leda.

Sauran zaɓin ya danganta da inda mutum yake. Kudancin Kano da kudancin Jigawa, irin su Tudun Wada, Doguwa, Rano, Birnin Kudu da Gwaram, sun fi samun ruwa, ƙasarsu kuma tana riƙe danshi, don haka maɗaci da mangwaro da ɗorawa suna yi sosai. Arewa kuwa, wajen Maigatari, Ɓaɓura da Sule Tankarkar, inda ruwan shekara bai cika wuce milimita 600 ba kuma rairayi ne, darbejiya da kurna da aduwa su ne ba sa ba da kunya. Maɗaci shi ya fi kama da elm wajen yin rumfa a kan titi, amma a sani akwai tsutsar da ke huda kan tohonsa yana ƙarami, ya yi rassa biyu ko uku maimakon ɗaya. Ga mai neman katako wannan asara ce, ga mai neman inuwa ba komai. Babban abokin gabarsa masu sassaƙe ne, in suka zagaye gindin da sara ya mutu ke nan. Tsamiya tana da nawa, sai ta shekara goma ba ta yi wata inuwar kirki ba, amma in ta yi, jikoki ma za su sha. Itacen turare da wannan siririn itacen ado mai kama da mashi da ake jerawa a jikin katanga, inuwar giginya ce, na nesa ka sha. Turare kuma yana shanye ruwan abin da ke kusa da shi, rassansa suna karyewa ba sallama. Gawo na gona ne.

Kafin a taɓa diga, a tsaya a zaɓi wuri, don kuskuren da aka yi a nan ba ya gyaruwa sai da gatari. Ranar da ke gasa ɗaki ita ce ta azahar zuwa la'asar, saboda haka itacen inuwa yamma da ɗaki ya kamata ya tsaya. Akwai dalili na biyu. Hadarin farkon damina daga gabas yake tasowa da iska mai ƙarfi, itacen da ke gabas da ɗaki in ya karye kan kwano zai faɗo, na yamma kuwa waje zai yi. Darbejiya a ba ta aƙalla mita 6 daga katanga, maɗaci da zuwo mita 10. Ceɗiya, durumi da gamji kuwa mita 12 zuwa 15 daga gini, daga rijiya, kuma musamman daga salga, domin saiwarsu tana bin danshi, ta tsaga bulo ta ɗaga daɓe. A ɗaga kai sama kuma a duba wayar lantarki. Tsakanin itace da itace a bar mita 8 zuwa 10. Mutane suna ganin dashe ɗan ƙarami sai su matse shi taku uku-uku, bayan shekara biyar itatuwan su yi ta tseren neman rana, su yi tsawo ba faɗi.

Rami a haƙa shi tun watan Mayu. Faɗi santimita 60, zurfi santimita 60, wato wajen kamu ɗaya da ɗan ƙari kowane gefe. In fako ne a kai shi 80, a kuma farfasa ƙasan ramin da bangonsa da diga, don rami mai santsin bango kamar tukunya yake, saiwa ta yi ta zagaye a ciki ba ta fita. Ƙasar sama mai duhu a tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa gefe ɗaya. A haɗa ta saman da ruɓaɓɓen takin dabbobi, kashi uku na ƙasa kashi ɗaya na taki, a zuba toka cikin tafi biyu da dakakken ƙwallon darbejiya tafi biyu, a mayar cikin ramin a bar ruwa ɗaya ko biyu ya dake shi ya zauna. Na ce ruɓaɓɓe, wanda ya shekara, ya yi baƙi, ba ya wari ba ya ɗumi. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Takin zamani ba shi da aiki a cikin rami. Sai damina ta biyu za a iya barbaɗa tafi ɗaya a zagaye, nesa da gindi kamar ɗani biyu, a rufe da ƙasa.

Lokacin dashe shi ne in ruwa ya zauna, daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yuli. Wannan yana ba itace wata biyu ko uku na ruwan sama kyauta. Bikin dashen da ake yi a ƙarshen Agusta ko Satumba, a zo da motoci a ɗauki hoto a watse, yawancin abin da aka dasa ba ya ganin bazara, saboda ruwa ya ɗauke kafin saiwa ta kama.

Wajen sayen dashe kada a ruɗu da tsawo. Wanda ya kai santimita 30 zuwa 50, mai kauri kamar fensir, mai kai ɗaya, ya fi dogon da ya shekara biyu a leda. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa ta huda ta shiga ƙasa har sai an fizge, an riga an tsinke uwar saiwar. In ka yanka ledar ka tarar saiwoyi sun naɗe a gindi kamar gammo, wannan itacen zai girma, amma saiwar za ta ci gaba da zagaye har ta shaƙe kanta, bayan shekara shida ko bakwai iska ɗaya ta kwantar da shi kowa ya yi ta mamaki. Maganinsa wuƙa mai kaifi: a yanke gindin ledar da ƙasar ciki kamar faɗin yatsa biyu, a tsaga ledar daga gefe a cire ta gaba ɗaya. Har yanzu akwai masu binnewa da leda wai za ta ruɓe. Ba ta ruɓewa.

A dasa da yamma bayan an yi ruwa. Wuyan dashen, wato inda kara ya haɗu da saiwa, ya tsaya daidai da fuskar ƙasa. Zurfafa shi yana ruɓar da wuya, kuma wannan yana kashe dashe fiye da yadda ake zato. A danna ƙasar da ƙafa a hankali, a yi mata kwari mai faɗin mita ɗaya don tare ruwa, a zuba jarka ɗaya mai lita 20 ko da ƙasa a jiƙe take, don ruwan ya toshe ramukan iska. A wuri mai gangara a yi kunyar kamar rabin wata, bakinta na kallon tudu. A ƙasar laka ta fadamar Haɗejiya abin juyawa yake: darbejiya ba ta jure kwanciyar ruwa, sai a tara tudu a dasa ta a kai.

Ceɗiya da durumi ba sa bukatar leda. A sari reshe lafiyayye mai kaurin damtse, tsawon mita 2, a cire ganyen, a jingine shi a inuwa kwana biyu farin ruwansa ya bushe, a binne santimita 50 a farkon damina. Amfaninsa kansa ya riga ya fi ƙarfin akuya. Ƙwallon darbejiya da irin maɗaci kuwa ba sa ajiyuwa, in suka yi makonni kaɗan ƙarfin tsirarsu ya faɗi, sai a shuka su da ɗanyensu.

Keji a kafa shi ranar dashe, ba gobe ba. Akuya ɗaya ta isa ta gama da aikin wata uku kafin a idar da sallar magariba. Tsayinsa ya kai mita ɗaya da rabi, faɗinsa mita ɗaya, da turaku huɗu masu ƙwari, a kewaye da ƙayar magarya ko ragar waya. Inda shanu da raƙuma ke wucewa a ƙara tsayi. Masu ginawa da bulo su bar tagogi da yawa, in ba haka ba a watan Afrilu cikin kejin tanderu ne. Haka ma tsohuwar ganga. Kejin zai zauna shekara uku, kuma duk kaka a duba shi, don lokacin da aka saki dabbobi bayan girbi shi ne lokacin ɓarna.

Ban ruwa shi ne inda aka fi faɗuwa. Daga Oktoba zuwa Fabrairu na shekarar farko, jarka ɗaya sau biyu a mako. Daga Maris har ruwa ya sauka, sau uku in rairayi ne. A shekara ta biyu sau ɗaya a mako ya isa, ta uku kuma darbejiya da kurna sun kama kansu, maɗaci da mangwaro ne za a ci gaba da taimaka wa a bazara. Ruwa mai yawa jefi-jefi ya fi ɗan yayyafi kullum. Buta ɗaya kowace safiya fuskar ƙasa kawai take jiƙawa, saiwoyi su taru a sama, ranar da aka yi tafiyar kwana huɗu a dawo a tarar da itace ya bushe. Inda ruwa ke wuya a binne tulu na ƙasa har wuya, nesa da dashen kamar ɗani ɗaya da rabi, a riƙa cika shi, a rufe bakinsa saboda sauro. Tulun zai riƙa tsattsafo da ruwa a hankali daidai inda saiwa take. A masallaci kuwa a ja ƴar kwata daga wurin alwala zuwa gindin itacen, ba wanda zai ɗauki jarka. Ruwan wanki mai sabulun gari da ruwan rijiya mai kanwa-kanwa suna tara gishiri, alamarsa bakin ganye ya ƙone. A shimfiɗa tattaka ko busasshen ganye a cikin kwarin don rage bushewa, amma a janye shi faɗin tafin hannu daga jikin karan.

Dalilin janyewar shi ne gara. Gara ta fi kama itacen da ƙishi ya riga ya galabaitar. Alamarta jan laka da ta lulluɓe karan daga ƙasa tana hawa. Ka kankare da yatsa za ka gan su farare suna gudu, ɓawon kuma ya riga ya zaizaye a ƙarƙashi. A kankare lakar duka, a barbaɗa toka, a jiƙa dakakken ƙwallon darbejiya kwano ɗaya a bokitin ruwa ya kwana a zuba a gindi, a maimaita bayan mako biyu. In akwai shuri kusa, sai an nemi malamin gona ya ba da maganin da ya dace da awonsa. Baƙin mai da wasu ke zubawa yana korar gara, ya kashe itacen tare.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wannan siffar rumfa da ake sha'awa a hoton elm, rabinta aikin almakashi ne. A shekara biyun farko a bar kai ɗaya ya yi sama, in wani ya taso yana gasa da shi a datse. Rassan ƙasa kada a share su lokaci ɗaya, su ne ke ciyar da gindi ya yi kauri. A riƙa cire biyu ko uku duk shekara har gindin ya kai mita biyu da rabi ba reshe, yadda mutum da amalanke za su wuce, kuma kada abin da aka cire a shekara ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen. Da zarto ake yi, ba da adda ba. Babban reshe a fara yi masa tsaga daga ƙasa, sannan a yanka daga sama, don kada nauyinsa ya yage ɓawon gindi. A yanka daidai wajen kumburin da ke gindin reshe, kada a shafe kumburin, kada kuma a bar guntu, domin daga kumburin nan ne ciwon ke rufewa. Ƙarshen rani, dab da damina, ya fi dacewa. In an ɗaure dashe da turke saboda iska, da tsumma mai faɗi za a ɗaure sako-sako, a kwance bayan shekara. Igiyar leda ko waya da aka manta tana nutsewa cikin ɓawo ta shaƙe itace.

Bayan ya girma ma ba a gama ba. Kauci in ya fito a reshe a yanke reshen ƙasa da inda ya manne, tun tsuntsaye ba su yaɗa shi ba. Kada a ƙona shara a gindi. Mai yin daɓen siminti a ƙofar gida ya bar wa itacen fili aƙalla mita ɗaya da rabi kowane gefe, in ba haka ba ko itacen ya ƙanjame ko simintin ya tsage.

Ina kira ga ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin da ke rabon dashe, har da masu aikin Babbar Koriyar Ganuwa, wato shirin dashen itatuwa don tare hamada, wanda Kano da Jigawa ke cikin jihohi 11 da ya shafa, su fito da dashen a watan Yuni, su haɗa kowane ɗaya da keji, su rubuta sunan wanda zai ba shi ruwa, malamin makaranta ne, ladan ne, ko mai shagon da ke kusa. Ƙidayar kuma a yi ta a watan Mayu na shekara mai zuwa, a faɗa mana nawa ne ke tsaye. Gandayen renon gwamnati su ƙara tsirar da zuwo, kurna, maɗaci da tsamiya, don yanzu mai neman su sai ya sha yawo kafin ya samu leda goma.

Na gode, Edita. Allah ya ba mu damina mai albarka.

Naka,
Wani mai renon dashe,
daga karkarar Ringim, Jihar Jigawa.